Takmim da tahwil masar: yadda jinyar aiki na biyu ta bambanta da ta farko

Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce an yi miki takmim, wato tiyatar rage girman tumbi, shekaru huɗu da suka wuce a nan Jidda, yanzu ƙwannafi ya hana ki barci, ƙibar ma ta fara dawowa, likita ya ce a mayar da aikin zuwa tahwil masar, wato tiyatar sauya wa abinci hanya a cikin ciki, kina tambaya ko jinyar za ta zo miki kamar ta farko. Ni ma ta wannan hanyar na biyo. Daga waje kam suna kama, ƴan hujoji ne a ciki, sai kwanciya, sai romo. Amma kada ki auna na biyu da ma'aunin na farko, domin abin da ke faruwa a ciki daban ne.

A takmim, an yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi an fitar, an bar siriri, hanji kuwa ba a taɓa shi ba. Wannan siririn tumbin matsi yake da shi, shi ya sa a wajen wasu ruwan tsami yake hauro wa maƙoshi da zarar sun kwanta. A tahwil masar, ana ware ƴar ƙaramar jaka a saman tumbin, wadda ba ta wuce cin mililita 30 ba ko kusa da haka, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake ragowar tumbi da farkon hanji. Jakar ba ta tara tsami da yawa, ruwan matsarmama kuma an kauce masa da hanya, don haka ƙwannafi yakan lafa da wuri a wajen yawancin mutane. Ki tambayi likitanki wane irin tahwil yake nufi, domin iri biyu ne: mai mahaɗa biyu, da wanda ake kira mini mai mahaɗa ɗaya. Ga mai fama da ƙwannafi, mai mahaɗa biyun aka fi zaɓa, saboda mini yana iya barin ruwan matsarmama ya hauro.

Duk telan da kika tambaya zai gaya miki ɗinkin sabon yadi ya fi gyaran tsohuwar riga sauƙi. Haka abin yake ga likita. A karon farko ya samu ciki sarari. A karo na biyu zai tarar da tabon aikin baya, kayan ciki sun manne da juna, sai ya bi a hankali ya rarraba su kafin ya fara abin da ya kawo shi, kuma zai yi ɗinki a kan naman da aka taɓa ɗinkawa. Saboda haka aikin yana ɗaukar lokaci fiye da na farko, haɗarin yoyo a wurin ɗinki da zubar jini ya ɗan fi yawa, kuma idan mannewar ta yi tsanani akan bar ƙananan hujoji a buɗe cikin gaba ɗaya. Mai takmim takan kwana ɗaya ko biyu a asibiti ta koma gida. Ke ki shirya wa kwana biyu zuwa uku, ko fiye, wataƙila da siririn roba a gefen ciki mai fitar da ruwa. Ba don in tsorata ki nake faɗa ba. Mafi yawan mutane suna tashi lafiya lau. So nake ki nemi hutun aiki mai tsawo tun yanzu, mako uku zuwa huɗu, ki kuma samu wadda za ta zauna da ke, musamman in kina da ƙananan yara, domin ba ɗaukar kaya mai nauyi har mako huɗu zuwa shida.

Inda na fi jin tsoro ga masu aiki na biyu shi ne maganar nan ta "ai na san ciwon, haka na ji wancan karon". Wannan sanin yana sa mutum ya yi shiru a inda ya kamata ya yi kuka. Idan zuciya tana bugawa sama da 120 a minti ɗaya alhali kina kwance, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko kafaɗar hagu tana sara, ko numfashi yana yi miki wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko amai ya hana ki riƙe ko kurɓin ruwa, kada ki jira gari ya waye, kada ki jira mai gida ya dawo daga aiki. A kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilalul Ahmar a 997 ko a kai ki sashen gaggawa, ki kuma gaya musu da bakinki irin aikin da aka yi miki da ranar da aka yi shi. Saurin bugun zuciya yakan riga sauran alamomin yoyo bayyana. Tafiyar da ake sa ki yi a barandar asibiti tun ranar aiki, da allurar hana daskarewar jini, a nan ma sun fi muhimmanci, tunda kin fi daɗewa a kan gadon tiyata.

Ta fannin abinci, makonnin farko kin riga kin san karatun. Ruwa-ruwa kamar mako biyu, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, kafin a kai ga abincin gida wajen mako shida zuwa takwas. Furotin giram 60 zuwa 80 a rana, ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba a haɗa ci da sha sai an ba da tazarar minti 30. Ni finjalin gahawa na mayar ma'aunina. Nakan zuba romon kaza da aka tace a ciki, in ajiye agogo a gabana, in kurɓa, in dire, in jira, har ya huce in sake ɗumamawa. Zafin Jidda ba ya yafiya, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busar da maƙoshi, kuma ƙarancin ruwa a jiki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko.

Bambancin yana fitowa ne bayan an fara cin abinci sosai. Da takmim, in kin wuce ƙima, ciki ya cika ya yi miki nauyi, shi ke nan. Da tahwil, zaƙi da maiƙo suna zubowa hanji kai tsaye ba mai tare su. Minti 10 zuwa 30 bayan cin, sai zufa ta karyo, zuciya ta hau bugawa, jiri, murɗar ciki, wani lokaci gudawa. Akwai kuma wanda yake zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, sukarin jini ya faɗi, hannu ya kama rawa. Ki duba yadda zamanmu yake a ƙasar nan. Kin shiga gida gaisuwa, kafin ki gama zama an dire miki faranti na dabino, ga lukaimat, soyayyen fulawar nan, yana ɗigar zuma, ga shayi da madara an zabga masa sukari, uwar gida tana tsaye a kanki tana cewa "haba, ko ɗaya ki ɗauka". Ki tanadi amsarki tun daga gida, ki ce likita ya hana, ki roƙi ruwa. Kunun da aka sa wa sukari, da fura da zuma, duk sahu ɗaya ne. Kabsa kuma, shinkafar Larabawa mai nama, ki fara da naman ki tauna shi sosai, shinkafar ta zo daga baya, cokali ɗaya ko biyu.

Magunguna ma dokarsu ta ƙara tsauri. Brufen da Voltaren da danginsu, waɗanda muke haɗiya don ciwon baya ko na al'ada, suna iya jawo gyambo daidai mahaɗar jakar da hanji, don haka a bar su, a tsaya ga Panadol sai in likita ya ce wani abu daban. Sigari da shisha haka suke yi, har ga maigidan da zai karanta wannan don kansa. Za a ɗora ki kan maganin rage tsamin ciki na wasu watanni, ki shanye shi ko da ƙwannafin ya tafi. Bitamin kuwa, wasu masu takmim sukan yi sakaci su daɗe ba su ga illa ba. Bayan tahwil ba a wannan wasan, domin farkon hanjin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Bitamin B12 da D da kalsiyam da maganin ƙarin jini sun zama abokan zama har ƙarshen rayuwa, tare da awon jini a kai a kai. In kina da niyyar haihuwa, ana so a jira wata 12 zuwa 18, kuma ki sani ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya ba lallai ta yi aiki yadda ta saba ba, ki nemi wata hanyar a wajen likitar mata. Ko bayan shekara, in kika ji murɗar ciki mai tsanani tana zuwa tana tafiya, ki je a duba, domin hanji kan iya zurmawa wani gurbi ya shaƙe, abin da ba a cika gani da takmim ba.

Sai maganar sikeli, wadda na san tana ranki. Bayan takmim kin ga kilo yana zuba kamar ba zai tsaya ba. A karo na biyu raguwar takan zo a hankali, kuma yawanci ba ta kai ta farko. Wannan sananne ne a wajen likitoci, ba gazawarki ba ce. Ke dai ƙwannafi ne babban abin da ya kai ki, kuma a nan aikin ya fi amfani. Ranar da kika kwanta da matashi ɗaya kika yi barci har asuba ba tari ba ɗaci a baki, kin samu abin da kika je nema.

Ki duba kalanda kafin a sa rana. Likitoci da dama suna hana azumi a watannin farko bayan aiki, wasu har shekara guda, saboda ƙaramar jaka ba za ta iya rama ruwan yini guda tsakanin magariba da sahur ba, kuma aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Umara ma ki ɗaga ta, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da turmutsutsu. Salla a zaune ta halatta har ruku'u da sujada su daina ja miki ɗinki.

Kafin ranar, ki koma asibitin da aka yi miki takmim ki karɓo rahoton aikin a rubuce. Ki tabbata an zura miki manzar, wato siririn bututu mai kyamara, ta baki an duba maƙoshi da tumbi, a ga ko saman tumbin ya zame ya haura ƙirji, domin a gyara shi lokaci guda. Ki kuma tambayi likitan kai tsaye, ba kunya, aikin gyara irin naki nawa yake yi a shekara, kuma wa za ki kira in abu ya taso da tsakar dare.