Gargaɗi ga masu canza shokabzoba a gida: ana sayar da tsoho da sunan sabo

Ina jan hankalin masu a-kori-kura, musamman Hilux da ire-irenta, waɗanda tsadar kuɗin aiki ta sa suka koma canza shokabzoba da hannunsu a ƙofar gida. Aikin ba haramun ba ne, kuma shokabzoban baya, wanda yake tsaye shi kaɗai kusa da sifirin, bai fi ƙarfin mai jak da sifana da haƙuri ba. Matsalar tana wajen saye. Akwai wasu masu talla a Facebook da WhatsApp da suke ɗora hotunan kwalaye masu sunan kamfanonin shokabzoba irin su KYB ko Monroe, su ce kaya ne sababbi da suka sauka daga Legas, su sa farashin da bai kai na shago ba, sannan su nemi a tura kuɗi gaba ɗaya kafin su kai kayan tasha. Wani lokaci ba a ƙara jin ɗuriyarsu, amma mafi muni shi ne wanda kayansa suke isowa, domin mai mota zai ɗaura su ya hau titi da kaya da mutane yana ganin ya yi gyara.

Yadda suke yin algus ɗin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san cikin abin. Shokabzoba bututu ne da aka cika da mai na musamman, yawanci tare da iskar naitirojin, kuma a cikinsa akwai fistin mai ƙananan ƙofofi da man yake ratsawa da ƙyar, wanda hakan ne yake hana mota ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Idan ya mutu, ko dai man ya tsiyaye ko ƙofofin sun saki. Ɗan damfara sai ya tattaro matattu daga gareji, ya wanke, ya huda gindin bututun, ya ɗura baƙin mai ko man giyar mota mai kauri, wani ma ya busa iskar famfo, ya toshe hudar da walda, ya goge, ya fesa fenti, ya manna takarda, ya sa a kwalin jabu. Idan ka danna shi da hannu za ka ji tauri, har ka yi murna. Amma ƙofofin ciki da robar da take riƙe mai suna nan a mace, saboda haka da zarar ya yi zafi a doguwar hanya mai gargada, man zai tsinke ya fara zubowa, motar ta koma lilo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sun san wa suke farauta. Bakaniken da ya daɗe yana aikin ƙasan mota zai iya gane gyararre tun daga kallo, shi kuwa mai ɗaurawa a gida babu ido na biyu a tare da shi. Ranar da ya kira ya ce kaya sun lalace, amsar a shirye take: ai kai ka ɗaura da kanka, kai ka ɓata, babu garanti. Wannan hujja ita ce jarinsu, shi ya sa suke ƙarfafa wa mutane gwiwa a cikin tallar cewa ba sai an je gareji ba. Wasu kuma suna ƙarawa da cewa nasu zai sa mota ta ɗauki lodi fiye da da, alhali sifirin ne yake ɗaukar nauyi, shokabzoba na yau da kullum aikinsa kwantar da tsalle ne kawai.

Kafin ka biya, ka riƙe kayan a hannunka. Ka shafa gindin bututun da gefensa, domin duk wani tudu ko kaurin fenti a wuri ɗaya yana iya zama walda ce aka rufe. Sandar ƙarfen da take shiga tana fita dole ta kasance sumul, ba ƙarzuwa, ba ɗigon tsatsa, kuma zaren notinta bai nuna an taɓa ɗaure shi ba. Ka gwada lambar da aka buga a jikin ƙarfen da wadda take kan kwali da wadda ta dace da motarka. Sannan ka tsayar da shi, ka danna ka ja sau da dama: taurin ya zama iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba wurin da zai zarce fanko, kuma mai iska zai miƙe da kansa a hankali. Tunda ana canza su biyu-biyu ne, hagu da dama, ka gwada su tare, idan ɗaya ya riga ɗaya miƙewa sosai ka ajiye su. Wanda yake son na hannu, wato ɗan Beljiyam, ya saya da sunansa na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, wajen mai shagon da za a iya komawa a same shi gobe, da rasit mai ɗauke da lambar kayan.

Haɗarin bai tsaya kan asarar kuɗi ba. Mataccen shokabzoba yana sa taya ta riƙa barin ƙasa, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya, tayoyi su riƙa cinyewa ba daidai ba, kuma mota mai lodi ta riƙa rinjaya a kwana. A wajen ɗaurawa ma kada a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, kada a kai wuta ko abin huda kusa da mai iska domin a matse yake, kuma na gaban Hilux na zamani da yake cikin naɗaɗɗen sifirin a bar wa mai na'urar matse shi. A ƙarasa ɗaure notin da yake wajen robar shokabzoba bayan an sauke motar ta zauna kan tayoyinta, don kada a ba maƙaryaci hujjar cewa ɗaurin ne ya ɓata shi.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya adana hoton tallar, da hirarsu, da shaidar tura kuɗi, da kwalin, da shokabzoban kansa. Ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wajen 'yan sanda, ya shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, sannan ya sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, tunda jabun kaya a hurumin aikinta suke.