Zagayen Castel Sant'Angelo da 'yar jagora: ya ci kuɗinsa, amma an bar giɓi

Da na sauka birnin Roma, na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya haɗa ni da 'yar jagora zuwa Castel Sant'Angelo, ginin nan mai siffar rumbu da ke bakin kogin Tiber, wanda asalinsa hubbaren sarki Hadrian ne kafin fadar Fafaroma ta mayar da shi mafaka da kurkuku. Sun tanadi tikiti tun da wuri, saboda haka ban tsaya a layi ba.

Matar ta san aikinta. Ta tsayar da mu inda ake hangen Passetto, hanyar da aka shimfiɗa a kan ganuwa mai tsawon kimanin mita 800 daga fadar Batikan, ta bayyana yadda Fafaroma Clement na Bakwai ya bi ta nan ya tsira ranar 6 ga Mayu 1527, lokacin da sojojin Charles na Biyar, sarkin Sifaniya, waɗanda suka daɗe ba a biya su albashi ba, suka wawashe birnin. A ranar aka kashe dogaran Fafaroma 147 'yan Suwizalan. Ta kuma nuna cewa tushen fitinar shi ne ƙawancen da Fafaroman ya ƙulla da sarkin Faransa, kuma wannan bayani ne ya sa na fahimci cewa a zamanin nan Fafaroma sarki ne mai ƙasa da runduna kamar sauran sarakuna. Ɗakunan alfarma na Fafaroma Paul na Uku kuwa mun ratsa su a gurguje.

Abin da ya sosa mini rai shi ne ba ta ambaci Hasan al-Wazzan ba, matafiyi kuma marubucin da Turawa ke kira Leo Africanus. 'Yan fashin teku ne suka kama shi a 1518, aka tsare shi a wannan gini, sannan Fafaroma Leo na Goma ya yi masa baftisma a 1520. A Italiya ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, kuma dominsa na zo. Da na tambaye ta, sai ta ce ba ya cikin jadawalinsu.

Duk da haka ina ba da shawarar a ɗauki jagora, a kuma je da safe, domin matakalan suna da yawa kuma zagayen yana cin kusan awa biyu.