Mai ido biyu ko ƙaramin teleskop?

Ƙanena mai tambaya kan kallon taurari, tsakanin madubin hange mai ido biyu da ƙaramin teleskop ɗin nan da ake sayarwa a kwali, ɗauki mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa. Wato yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa kuma milimita 50. Faɗin nan shi ne magana, don shi ke tara haske.

Shi nake da shi. Bayan damina, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama, nakan fita hanyar Mirriya inda fitilun Damagaram ba sa kaiwa, a daren da babu wata. A Nuwamba da an yi Isha, daga arewa can sama za ka ga wani tabon haske mai tsayi, fari-fari. Andromeda ke nan, tarin taurarin da haskensa ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya shigo idonka. Kaza da ƴaƴanta kuwa, ido yakan ƙirga shida ko bakwai, amma a madubin gomomi ne, farare masu shuɗi-shuɗi. Na taɓa ɗora wa Inna shi a tsakar gida ranar da aka ɗauke wuta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ashe kazar nan ta iya ƙyanƙyasa haka, mu muna raina ta. Har yau in na je sai ta tambaye ni ina abin nan.

In ka jingina gwiwar hannu a katanga don kada ya yi rawa, za ka ga watannin Mushtari, wato Jupita, ɗigo-ɗigo a jere, waɗanda masanin taurari Galileo ya fara gani a 1610. Ka sake dubawa gobe, za ka tarar sun sauya wuri. Mu nan ma muna da wata sa'a da mutanen Faransa ba su da ita: a Afrilu da Mayu, in ƙura ta lafa, dunƙulen taurarin Omega Centauri yana fitowa ta kudu, ƙasa-ƙasa.

Teleskop ɗin milimita 60 ma ina da shi, yana saman kwaba yana shan ƙura. Zan ba shi haƙƙinsa guda: ya fi nuna ramukan wata da zoben Zuhal, wato Satan, in ƙafafunsa sun yarda sun daina karkarwa.

Kada kuma ka sa ran launukan da kake gani a hotunan manyan teleskop na sararin samaniya, Hubble da James Webb, ko wanne ka saya. 

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da ƴan kasuwa, musamman masu talla a WhatsApp da Facebook. Duk kwalin da ya ce 500x ko 600x a kan gilashi milimita 60 ƙarya ce, iyakar amfaninsa wajen 120x ne, sauran duk dishi-dishi. Mai gilashi ja da ake cewa yana gani a duhu irin na sojoji shi ma zance ne. Kada ka tura kuɗi sai ka riƙe shi a hannu. Ka auna shi a kan wata eriya mai nisa: in ka ga ta rabu biyu, ko ka ji idonka na ja, ajiye masa kayansa ko da ya rantse. Ka haska fitilar waya a ciki ka duba tsagewa ko ƙura. Kuma ka ja wa yaran gida kunne, kada wanda ya kalli rana da shi, nan take yake lalata ido.