Aqara DJT11LM a kan hannun canjoba: yana aiki, amma da sharaɗi

Kamfanin Aqara ya ƙera wannan 'yar na'ura ne domin a manna ta a taga ko ƙofar gareji, ta sanar idan an girgiza ta, an karkata ta, ko ta faɗi. Faɗinta milimita 36 ne kowane gefe, kaurinta 9, tana cin batir CR2032 guda ɗaya, tana kuma magana ta Zigbee, wata hanyar sadarwa mara waya ta ƙananan na'urorin gida. Sai dai akwai aikin da ta fi dacewa da shi a gidan da ke da janareta: a ɗaura ta a hannun canjoba, ta riƙa nuna wa mai gida a waya ko ana kan wutar NEPA, ko kan janareta, ko an bar hannun a tsakiya.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, na'urar tana auna yadda take kwance ne idan aka kwatanta da ƙasa. Hannun da ake ɗagawa sama a sauke ƙasa yana ba da kusurwa uku mabambanta. Amma makunnin da ke juyawa a shimfiɗe, kamar murfin kwalba a kan tebur, ba zai ba da komai ba, domin kwanciyar na'urar ba ta canza ba.

Manhajar Aqara ba za ta wadatar ba, iyakarta ta ce an karkata. Ana bukatar manhajojin Zigbee2MQTT da Home Assistant a kan kwamfuta, da ɗan sandan USB mai karɓar saƙon Zigbee irin Sonoff ZBDongle, a nan ne lambobin kusurwa na angle_x, angle_y da angle_z ke fitowa. Wajen haɗawa, a danne maɓallin kusan daƙiƙa 5 har shuɗiyar fitila ta fara ƙiftawa, sannan a ci gaba da taɓa shi kaɗan-kaɗan don kada ta yi barci kafin a gama. A haɗa ta a wurin da za ta zauna, ba a kusa da kwamfuta ba.

Kafin a ɗaura, a kashe janareta, a cire fis ɗin layin NEPA. A roban hannun kawai ake ɗaurawa, ba a buɗe akwatin. Gam ɗin da ke bayanta ba ya jure zafi da yawan fizga, don haka a ƙara taya-rap biyu. Ko kaɗan ta goce, lambobin sun tashi daga aiki. Sai a kai hannun kowane matsayi sau biyar, a rubuta abin da ya fito, a zaɓi wanda lambarsa ta fi canzawa cikin angle_x, angle_y da angle_z, a bar sarari na digiri 15 kowane gefe. Wanda ya kafa dokar sanarwa a Home Assistant a kan lamba ɗaya tak zai sha ƙararrawar ƙarya.

A sa ƙarfin jinta a mafi ƙanƙanta, in ba haka ba rugugin janareta zai riƙa tashinta, batir ya ƙare da wuri. Bayan aika umarnin dole a danna maɓallinta, don tana barci ba ta karɓar saƙo.

Babbar matsalar ita ce ɗaukewar wuta. A daidai lokacin da ake juya hannun babu wuta a gidan, saboda haka kwamfutar da rauta su kasance a kan inbata. Kuma tsofaffin na'urorin Aqara suna manne wa abin da suka fara haɗuwa da shi. Idan soket ne na Zigbee da ke miƙa saƙonta zuwa sandan, mai mutuwa tare da NEPA, na'urar kan ɓace sai an sake haɗa ta. Gara ta haɗu kai tsaye da sandan USB.

Kada a saya ta don auna ruwan tanki da sanda mai yawo a saman ruwa. Karkatar da ke zuwa a hankali takan wuce ba ta ji ba, kuma ba a yi ta don laima ba.