Sharhi kan littafin da na saya wa yarona, A Long Walk to Water

Ni dai gaskiya ba don ina sa ran zai karanta ba na saya, yaron nan shekararsa 11 amma in ba wasan waya ba ko kallon bal ba ya zama wuri ɗaya, littafin makaranta ma sai an yi ta fama. Wata ƙawata malamar Turanci ce ta ce in gwada masa wannan tunda gajere ne, shafinsa bai wuce ɗari da 'yan kai ba kuma Turancin babu wuya. Na yi oda aka kawo, kuɗin dai ya ɗan cije ni don littattafan waje yanzu sai a hankali, takardarsa ma ba wata mai kauri ba ce. Amma wallahi kwana uku ya gama shi, ni kuma na ɗauka da daddare bayan sun yi barci na cinye shi a zama ɗaya.

Wata Ba'amurkiya ce 'yar asalin Koriya mai suna Linda Sue Park ta rubuta, ya fito a 2010. Labari biyu ne ake saƙa su tare, babi ya soma da wannan sai ya koma wancan. Na farko yaro ne Salva ɗan ƙabilar Dinka a kudancin Sudan, a 1985 yana aji ana karatu aka fara harbe-harbe, malaminsu ya ce su gudu daji kada su nufi gida, to daga nan fa shi ke nan, tafiya a ƙafa har Habasha. Shi Salva ɗin mutum ne na gaske, Salva Dut, ba ƙirƙira ba. Na biyun yarinya ce Nya 'yar ƙabilar Nuer a 2008, wadda aikinta kullum ɗebo ruwa ne daga wani tafki mai nisa, sau biyu a rana, ga ƙaya ga zafin rana, ruwan ma gurɓatacce har ya kwantar da ƙanwarta.

Ɓangaren Nya ne ya fi kama yarona, kuma na san dalili. Mu ma unguwarmu ruwan famfo sai ya ga dama, 'yan ga-ruwa ne ke kawo mana jarkoki a kura, shi kuma bai taɓa tunanin daga ina suke turo ta ba ko nauyinta nawa ne. Ranar da ya gama littafin na ga ya fita ya kama wa mai ruwanmu sauke jarka ba wanda ya sa shi, har yana tambayarsa wai daga wane gari ya zo. Ban ce komai ba, amma abin ya taɓa min zuciya sosai.

Sai dai iyaye ku sani littafin akwai wurare masu nauyi. Akwai abokin Salva da zaki ya ɗauke cikin dare, akwai kawunsa da aka kashe a gabansa, sannan wurin da sojoji suka koro 'yan gudun hijira daga Habasha a 1991 suka faɗa kogin Gilo ga harsashi ga kadoji, nan kam yarona ya rufe littafin ya zo ya zauna kusa da ni yana cewa Mama da gaske ne wannan? Marubuciyar ba ta zuzuta jini ba, a taƙaice take faɗa ta wuce, amma ni ba zan ba ɗan ƙasa da shekara 10 ba sai dai in muna karantawa tare.

Inda ban gamsu ba shi ne yadda aka bayyana musabbabin yaƙin. A 'yan layuka kaɗan aka nuna cewa gwamnatin arewa ta Musulmi ce ke son tilasta wa 'yan kudu addini, shi ke nan aka wuce. To yaro Musulmi da ya karanta haka dole ya yi tambaya, kuma nawa ya yi. Sai da na zaunar da shi na ce masa eh, Shugaban Sudan na lokacin, Numeiri, ya ƙaddamar da dokokin shari'a a duk ƙasar a 1983 har da yankin da mafi yawansu ba Musulmi ba ne, kuma a shekarar ya rushe 'yancin gashin kan da kudu ta samu a yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, ga rigimar man fetur da aka gano a yankin, ga daɗaɗɗen watsi da aka yi da kudu tun zamanin Turawa. Yaƙin bai tsaya ba sai 2005, Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011. Na san littafin yara ne ba na tarihi ba, amma da an ƙara ko sakin layi ɗaya da ya fi adalci.

Abin da ya sa duk da haka nake cewa a saya shi ne ƙarshensa. Salva ya jagoranci yara sama da dubu zuwa Kenya, ya yi shekaru a sansani, aka kai shi Amurka garin Rochester, daga baya ya gano mahaifinsa na raye amma ciwon gurɓataccen ruwa ya kusa kashe shi, sai ya dawo yana haƙa burtsatse a ƙauyuka. Kuma ƙauyen su Nya da ya haƙa wa na Nuer ne, ƙabilar da suka daɗe suna faɗa da Dinka a kan wurin kiwo da ruwa. Da na kai nan tunanina rigimar manoma da makiyaya ta wajenmu ya tafi, shi kuma yarona wani ɗan ajinsu ya tuna da suka taso daga Borno, wanda ya ce yara na tsokanarsa saboda Hausarsa ba ta fita sosai.

Na so a ce da Hausa na same shi don kakarsu ma ta ji. Yanzu dai littafin yana hannun ɗan ajin nasu, shi yarona ya kai masa aro ranar Litinin.