Ni da Toka a ajin horon karnuka: mako takwas da minti uku a bayan ƙofa

Kaji ne suka sa na ɗauko Toka. Muna zaune a bayan gari a jihar Ohio ta Amurka, a gida mai ɗan fili ta baya inda nake kiwon kaji da awaki uku. Cikin wata biyu kayoti, irin dilan nan na ƙasar, ya kwashe mana kaji bakwai, sai maƙwabcina ya ba ni shawarar in nemi kare. Ban daɗe ina tunani ba, domin a gidan mafarauta na tashi. Kawuna a ƙauyenmu na ƙasar Katsina yana da karnuka har biyar, kuma malamanmu ba su taɓa hana ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo ba. Na je gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su, na zaɓo wani mai launin toka, ɗan kimanin shekara biyu, na gina masa ɗaki a gefen akurkin kaji.

Kwana uku bai yarda ya ci abinci a gabana ba. Idan na ɗauki tsintsiya sai ya kwanta ya manne da ƙasa. Motar kwashe shara, namiji mai hula, ƙarar murfin tukunya, duk suna sa shi kyarma. Ranar 4 ga watan Yuli, da ake bikin 'yancin Amurka ana ta harba wasan wuta a sama, ya yaga ragar ƙofarsa har ya yanke ƙafa, muka same shi da asuba a ƙarƙashin mota yana haki. Likitar dabbobin da ta ɗinke ƙafar ita ce ta fara gaya mini cewa abin da ke damunsa ciwo ne mai suna da magani. Ta rubuta masa Reconcile, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na Prozac, maganin damuwa da mutane ke sha, ta ce yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ba ya isa shi kaɗai sai an haɗa da horo. Ta nan na san da ajin da nake son in yi magana a kansa.

Makarantar ƙarama ce, a wani tsohon sito da aka shimfiɗa wa roba a ƙasa. Na biya dala 190 na mako takwas, awa ɗaya kowace Asabar da safe. Kafin a karɓe mu sai da na kai takardar rigakafi, har da ta ciwon haukan kare. An tsara ajin ne don shirya karnuka wa jarrabawar Canine Good Citizen, wadda ƙungiyar American Kennel Club ta ɓullo da ita a 1989. Abubuwa goma ake gwada kare a kansu, kuma babu tsalle-tsalle ko wasan burgewa a ciki. Ana so ne a ga ko kare zai iya zama cikin mutane lafiya: baƙo ya gaisa da mai shi, a shafa shi, a taje masa gashi, ya ratsa taro, ya haɗu da wani kare, ya ji ƙara bai haukace ba.

Bari in fara da abin da ban ji daɗinsa ba, tunda shi na fara tararwa. Na rubuta musu ƙarara a takardar rajista cewa karena matsoraci ne, amma ranar farko karnuka tara aka zuba mu tare a ɗaki mai amsa kuwwa, ƙofar shiga kuma ɗaya ce ƙunƙuntacciya, kowa na turereniya da igiyarsa. Toka ya yi fitsari a bakin ƙofar, ya ƙi motsi. Da an karanta takardata, da an ce in zo kafin kowa ko in shigo bayan kowa ya zauna. Wannan sakaci ne, kuma ya ci mana mako guda cur, domin Asabar ta biyu da kyar na fito da shi daga mota. Haka kuma malama ɗaya da mataimakiya ɗaya sun yi kaɗan ga karnuka tara. Wanda karensa ya fi haushi shi yake cinye lokacin, mai kare mai shiru irin nawa sai a manta da shi a lungu.

Amma malamar ta san aikinta, kuma da ta lura da mu ba ta sake sakaci ba. Ta kafa mana wani ɗan shinge na allo a ƙarshen ɗakin yadda Toka zai riƙa jin sauran karnuka ba tare da ya gan su ba. Sannan ta tsaya kusa da ni tana nuna mini abubuwan da na shekara arba'in ina gani a jikin karnuka ban taɓa sanin ma'anarsu ba. Hamma ba tare da barci ba. Lasar leɓe babu abinci. Kau da kai yana kallonka ta gefe har farin ido ya fito. Ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Duk waɗannan, in ji ta, kare yana cewa ne abin ya yi masa yawa. Babbar alamar kuwa ita ce ƙin abinci. Idan ka miƙa wa kare nama ya kau da kai, to tsoro ya riga ya rufe masa kunne, babu abin da zai koya a wannan lokacin, sai ka ja da shi baya har inda zai iya ci. Daga nan ake matsowa taku-taku, kowane abin tsoro ya zo tare da abin daɗi, har ransa ya fara haɗa su biyun.

A kan naman ma na koyi wani abu. Na zo da kilishin da aka aiko mana daga gida, ina ganin babu abin da ya fi shi jan hankali. Ta tambayi abin da ke ciki, da na ambaci albasa da tafarnuwa sai ta ce in mayar aljihu, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Daga ranar uwargida take dafa mana ƙirjin kaza babu gishiri, ta yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne hannuna. Yadda na ga kawu yana yi, kare idan ya ƙi ji ana fizgar igiya a daka masa tsawa, in ta kama a sa tsumagiya. Ba na zargin kawu, yana son karnukansa, yakan hana kansa nama ya ba su, kuma sun tashi tun suna 'yan kwikwiyo cikin mutane da dabbobi da ƙarar bindiga, don haka zuciyarsu a dake take. Toka bai samu wannan ba. Makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, daga mako uku zuwa wajen wata uku, su ne lokacin da yake sabawa da duniya, kuma alamu sun nuna nasa sun wuce a wani wuri marar daɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa kuwa na same shi a bushe. A mako na uku na fizge shi da ƙarfi don ya ƙi tafiya, sai malamar ta zo ta dafa igiyar a hankali ta ce, yanzu abubuwa biyu yake tsoro, wancan karen da kai. Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa cin abincin rana. Na tuna hadisin mutumin nan da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, na ga ni an ba ni amanar mai tsoro ina ƙara masa.

Da Hausa na hore shi. Zauna, kwanta, tsaya, zo. Malamar ta ce kare ba ya zaɓen harshe, abin da ake bukata kawai kalma ɗaya ga aiki ɗaya, kuma kowa a gida ya riƙe ta. 'Yata ta rubuta kalmomin ta manna a jikin firij. Aikin gida minti biyar ne sau uku a rana, ni kuma na ɗaura shi da lokutan salla don kada in manta: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i. Ranakun Lahadi mukan je filin ajiye motoci na wani babban kanti, mu tsaya can nesa, duk wanda ya wuce da keken sayayya Toka ya samu kaza. Makon farko muna ƙarshen filin. A mako na bakwai muna zaune a benci kusa da ƙofa.

Ranar jarrabawa sun kawo wata mata da karnukan ba su sani ba. Na sa hannu a takardar alkawarin kula da lafiyar kare da hana shi damun maƙwabta, na miƙa buroshin da nake taje shi. Dokokin suna da tsauri. Ba a ba da abinci ko abin wasa yayin gwajin, sai yabo da shafa. Ba a yarda da abin wuya mai ƙayoyi ko mai lantarki ba. Karen da ya yi gurnani ko ya kai cizo an sallame shi, wanda ya yi fitsari ko kashi a ɗakin kuma ya faɗi. Saboda wannan ta ƙarshen na yi ta zagayawa da shi a ciyawa kusan rabin awa kafin mu shiga.

Gaisuwa da baƙuwa ta wuce lafiya. Da ta durƙusa za ta shafa shi ya lashi leɓe, ya kalle ni, na ce masa madalla, ya zauna daram. Ta duba kunnuwansa, ta ɗaga ƙafafunsa na gaba ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka ɗinke. Tafiya da sakakkiyar igiya da ratsa taron mutane ba su ba mu wahala ba. Aka ɗaura masa doguwar igiya mai ƙafa 20, na ce tsaya, na tafi ƙarshenta na dawo yana nan. Na kira shi daga ƙafa 10, ya taho har da kaɗa wutsiya. Wajen haɗuwa da wani kare ya ɗan ɓoye a bayan ƙafata, amma bai ja ba, bai yi haushi ba. Gwaji na tara shi ne na jin ƙara, wanda na kwana ina jin tsoronsa. Suka yar da kujerar ƙarfe a ƙasa. Toka ya zabura, ya yi taku biyu baya, sannan ya juyo ya dubi fuskata. Watanni biyar kafin wannan rana da ƙarƙashin mota za a nemo shi.

Na goma ne ya kayar da mu. Mai jarrabawa takan ce, kana so in riƙe maka karenka? Ka miƙa igiya, ka fita inda ba zai gan ka ba, minti uku. Ba dole ya zauna wuri ɗaya ba, amma ba a so ya yi ta kuka ko haushi ko safa da marwa. Ina rufe ƙofa na ji ya fara. Kuka ne siriri, irin wanda yake yi idan hadari ya taso, kuma bai tsaya ba. Na jingina da bango ina kallon agogo, ƙirjina yana bugawa, ina ji kamar na yaudare shi. Ba a kai minti biyu ba aka kira ni.

Laifina ne a nan, kuma da ɗan na makarantar. A mako takwas sau biyu kacal aka gwada mana rabuwa, duka biyun kuma da malamar da ya saba da ita. Ni ma a gida ban taɓa ba wa baƙo igiyarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai ƙa'ida ta ba mai jarrabawa dama ta sake wa kare abu guda a ƙarshen zama idan shi kaɗai ya faɗi, ita kuma ta ce mu jira. Muka koma mota kusan awa ɗaya. Ban yi masa wani horo ba, na buɗe bayan motar muka zauna, ya sha ruwa, ya ɗora haɓarsa a cinyata har numfashinsa ya daidaita. Malamar ta leƙo ta ba ni shawara guda: kada in yi masa dogon sallama, in ce masa kwanta, in fita kamar yadda nake fita duba kaji.

Haka na yi. Ɗakin ya riga ya zama wayam, karnuka biyu kawai suka rage. A bayan ƙofa na ji kuka sau ɗaya, gajere, sai shiru. Na yi ta salati a zuci ina kallon allurar agogo. Da aka buɗe, yana tsaye yana fuskantar ƙofar, kunnuwa a baya, igiya a sake. Matar ta yi alama a takardarta ta miƙo mini hannu. 'Yata ta ruƙunƙume ni tana cewa, Baba, Toka ya ci, Toka ya ci.

Ga wanda ke tunanin irin wannan aji, kuɗina bai tafi a banza ba, kuma zan sake biya. Amma mai kare matsoraci ya tambayi yawan karnukan da ke aji kafin ya ba da ko sisi, ya je ya kalli darasi guda ba tare da karensa ba, ya duba ko ana amfani da abinci da yabo ko kuwa fizga da tsawa. In da hali ya fara da darasi ɗaya ko biyu shi kaɗai da malami, sannan ya shiga taro. Kuma ya fara ganin likita, domin ban isa in ce ajin ne kaɗai ya yi wannan aiki ba, maganin ma yana da rabonsa. Takardar ba ta cire wa Toka tsoro ba. Har yanzu tsawa tana sa shi kyarma, kuma Yulin da ke tafe a cikin gareji zai kwana da rediyo a kunne.

Da na kira Hajiyarmu na ba ta labari, ta yi ta mamakin kare da makaranta, sannan ta tambaye ni ko yana gadin kajin kuwa. Na ce mata tun da ya fara kwana a gefen akurki kaza ɗaya muka rasa, kuma daren jiya ma na ji haushinsa wajen ƙarfe uku. Na fita da tocila, na same shi tsaye a bakin shinge yana fuskantar daji, wutsiyarsa a sama.