Kyamarar daji ta nuna min 'ya'yan dila, sai ruwan Jos ya gama da ita

Masu tambayata a kan kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya ta riƙa ɗaukar hoto da kanta, ga abin da na gani. Na saye ta ne a wani shago da ke titin Ahmadu Bello, kuɗin kuwa kun san ba na wasa ba ne. A jikin kwalinta akwai hoton jan dilan Turai tsaye a cikin dusar ƙanƙara. Wannan jan ba mu da shi a Najeriya, yana can Turai da Asiya da Arewacin Amurka, a Afirka ma sai can arewa wajen su Maroko. Namu na nan shi ne mai launin toka da ƙasa-ƙasa, da zane a haƙarƙari, da fari a ƙarshen bindi.

Shi na je nema. Muna da gonar dankali a gindin duwatsun Shere, kuma dattijon da ke kula da ita ya daɗe yana ce min akwai dila a wani tsohon suri da ke bayan gonar. "Alhaji, ta haihu fa. Da asuba ina ganin sawunta." Na ɗaure kyamarar a wani mangwaro, daidai tsayin gwiwa, tana kallon bakin ramin daga ɗan nesa. Ba ta buƙatar kowa a wurin. Zafin jikin dabba da motsinta take ji, sai ta ɗauka, da dare kuma tana da wata fitila mai fitar da ɗan haske ja, hoton ya fito fari da baƙi.

Wallahi ranar da na fara sa memorin a kwamfuta sai da na kira duk mutanen gidan. Ga uwar ta fito, ta tsaya tana shinshina iska, kunnuwa a miƙe. Can sai ga kawuna ƙanana suna leƙowa daga ramin, 'ya'ya huɗu, ƙafafunsu ko ƙwari ba su gama yi ba. Ɗaya ya kama bindin ɗan'uwansa ya ƙi saki har suka gangara tare. A wani bidiyon namijin ne ya dawo, suka taru suna lasar bakinsa, ya sunkuya ya amayo musu abinci. Ashe haka suke renonsu, uwa da uba tare. Na gan su suna cin mangwaron da ya faɗo, na ga uwar da ɓera a baki. Daren da shinge ya fito bayan ruwan farko kuwa, tsalle suka yi ta yi suna cafka a iska. Mahaifiyata da ta girma da tatsuniyar wayon dila ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗansa da ido ba sai ranar. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya saya.

To amma bari in faɗi inda raina ya ɓaci, don har yanzu in na tuna sai na ji zafi. An rubuta ɓaro-ɓaro a kwalin cewa ruwa ba ya shigarta. Mai shagon ma ya ce ko a ruwan Agusta na bar ta babu abin da zai same ta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi aka yi da iska, irin wanda muka saba da shi a Jos, ba ma ƙanƙara a ciki. Da na buɗe ta sai ga danshi a bayan gilashin, wurin batir ya fara tsatsa. Kuma wannan makon ne 'ya'yan suka fara bin iyayensu nesa da rami. Dattijon gonar ya gan su da idonsa suna jere a kan dutse da sassafe. Ni abin da na samu a memori farin hazo ne kawai da idanu suna ƙyalli a cikinsa. Bayan nan suka tashi daga surin baki ɗaya. Wannan ba abin da za a ce a sake ɗauka gobe ba ne.

Da na duba, robar da ke bakin murfin siririya ce, ba ta ma zauna daidai a lungu ɗaya ba. Na mayar wa mai shagon, ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, ai kayan lantarki ba su son ruwa." Na nuna masa rubutun kwalin, ya ce shi ba shi ya rubuta ba. Ko canji bai yi min tayi ba.

Tun da na fara ƙorafi, ga batir ma. Guda takwas take ci, kuma in ciyawa na kaɗawa a gabanta da rana sai ta yi ta ɗaukar hoton banza har su ƙare. Duk lokacin da aka canza su kuma kwanan wata ya goge, sai an sake saitawa.

Na shanya ta, na sa ta a cikin shinkafa, ta dawo tana kunnuwa, amma hoton dare ya dushe a gefe ɗaya. Wanda zai yi aiki da ita da rani zai ji daɗinta, ban hana ba. Wanda kuma yake son ya bar ta a daji daga Afrilu zuwa Oktoba a garin nan, ya buɗe murfin tun a shago ya duba robar da kyau, ya kuma sa a rubuta masa a rasit cewa in ruwa ya shiga za a canza masa.